Yadda Waƙar Igiya Ta Zo Bakin Turmi

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinta, Ya ba ɗan Adam numfashi bai gaya masa adadinsa ba, da Shi nake buɗe baki. Na tsaye ya zauna, na zaune ya matso, mai gaggawa kuwa ya kama gabansa, don ni tsoho ne, ba na sauri a tafiya, ba na sauri a magana. Ni ne Jatau makaɗin noma, ƙanin Nomau. Na taka ƙasar da ba a taɓa ganin kogi ba, na ratsa dutsen da rana ba ta leƙa cikinsa, na tafi mu biyu na dawo ni kaɗai.

Kun tambaye ni asalin waƙar nan da matanku ke yi a bakin turmi, wadda kuke kira Waƙar Igiya. Wasu na cewa wata amarya ce ta ƙago ta, wasu na cewa aljanu aka ji suna rerawa a gindin tsamiya. Duk zancen banza ne, kuma na gaji da jin sa. Ni na kawo ta garin nan, a bakina na ɗauko ta, kuma da an ba ni zaɓi da can na bar ta inda na same ta.

Mu biyu ne wurin mahaifiyarmu. Nomau ne ɗan fari, ni na bi masa da shekara uku. Ubanmu makaɗin noma ne, kowace gayya a yankin nan shi ake kira. Da ya rasu Nomau ya gaji waƙa, ni na gaji ganga da amshi. To, aikin ɗan amshi a gidanmu ba maimaita abin da mai waƙa ya faɗa ba ne kawai. Tun ina ƙarami Baba ya koya mini, da ranƙwashi a ka, cewa idan numfashin mai waƙa ya yanke a tsakiyar baiti, ɗan amshi zai cafe tun kafin manoma su ɗago kai daga kunyar gona. Mawaƙi na iya yin mura, na iya tsufa, amma ba a yarda jama'a su ji ya kasa ba. Allah kuma Ya sauƙaƙa mini wannan aiki, don muryarmu ɗaya ce ni da Yaya, ko Inna sai ta leƙo take sanin wanda ya yi magana.

Shekarar da Nomau ya cika talatin da biyar fuka ta kama shi. Da farko tari ne da safe, daga baya ƙirjinsa ya soma kuka ko yana zaune. Ba sassaƙen da ba mu dafa ba, ba rubutun da bai sha ba. Damina huɗu ina rufa masa asiri. Kafin mu shiga kowace gona zai dube ni ta gefen ido ya ce, "Jatau, kada ka bari a ji." Ban kuwa taɓa bari ba. A damina ta huɗu abin ya kai shi yana gaba yana motsa leɓe yana ɗaga hannu, ni ina bayansa na sunkuya kan ganga ina waƙar duka. Manoma suna ta yaba muryar Nomau, wai sai ƙara zaƙi take yi. Ran nan da muka koma gida na same shi a bayan rumbu yana kuka. Ya ce shi ba mawaƙi ba ne yanzu, ɗan tsana ne, kuma gara ya mutu da ya ƙare rayuwarsa yana motsa baki kamar akuya mai tuƙa.

Wata tsohuwa mai fataucin kanwa ce ta gane mu. Ta tsaya a bakin gona ta kalle mu, da aka tashi ta biyo mu har gida, ta ce ita ta yi yawo da yawa ba a yi mata irin wannan wasa. Ba ta tona mu ba. Sai ta ba mu labarin wani birni mai suna Talgu, can yamma, tafiyar wata huɗu. Ta ce a tsakiyarsa akwai rijiya mai zurfin gaba ɗari, kuma duk mai ciwon ƙirjin da ya sauka da kansa ya sha ruwanta a can ƙasa, inda rana ba ta taɓa gani ba, ƙirjinsa zai buɗe. Idan kuwa aka jawo ruwan sama da guga, ya zama ruwa kamar kowane ruwa. Na ce mata ƙarya take yi, ta ce in je in gani. Da kaka ta yi, aka kai gero rumbu, sai Nomau ya ce in ɗaure ganga. Inna ta ƙulla mana garin gero da ƙuli-ƙuli, muka bar gari.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki muka faɗa ƙasar Gundumawa. Waɗannan mutane ƙatti ne, gajerensu sai ya sunkuya yake ganin saman rumbu, kuma faɗin galmarsu ya kai ƙyauren zaure. Noma suke yi rani da damina, shiru, fuska a murtuke, ba waƙa ba hira. Duk baƙon da suka kama sai su sa shi tsintar duwatsu a gona har ya mutu. Sarkin nomansu, wani mai suna Dungurum, shi ya tsince mu a bakin hanya, ya ɗaga mu a wuyan riga, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya ga gangata ya zaci akushi ne, ya girgiza ya ji ba abinci, har zai taka ta. Nomau ya ce mini in kaɗa, na kuwa kaɗa.

Kai, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ƙattin nan ba su taɓa jin kiɗan noma ba tun da aka haife su. Kunnuwansu suka miƙe, ƙafafunsu suka soma rawa da kansu, Nomau ya ɗora waƙa, kafin azahar sun nome abin da suke yi a kwana uku. Muka ce to, mun tsira. Ashe mun ƙara jefa kanmu ne, don Dungurum ya rantse ba inda za mu, zai gina mana bukka a tsakiyar gona mu yi ta kiɗa har tsufa.

Nomau ne ya yi dabara. Washegari ya gaya wa Dungurum cewa a garinmu ba a noma haka birjik, tsere ake yi, a jera maza a ga wanda ya fi. Ya jera su arba'in suna fuskantar gabas, ya tambayi sunan kowa da na ubansa. Ya ce musu ƙa'ida ɗaya ce, duk wanda ya waiwayo shi ne rago, kuma za a sa sunansa a waƙar ragwaye har jikokinsa su ji. Na saki kiɗa, Nomau ya shiga zuga wannan yana zolayar wancan. Suka duƙa, ƙura ta tashi. Sau uku numfashin Yaya yana yankewa ina cafewa, ba wanda ya ji. Da suka yi nisa na riƙa rage ƙarfin kiɗan kaɗan-kaɗan don su zaci nisan ne, muna kuwa ja da baya. Suka haye tudu suna noma, ba wanda ya yarda ya waiwayo, mu kuma muka yi yamma da sauri. Nomau ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, dariyar ta koma tari, na riƙe shi har ya lafa. Ban sake jin ya yi dariya irin wannan ba.

A wata na uku muka iso gindin wani baƙin dutse da ya tare duniya daga kudu zuwa arewa. Hanya ɗaya ce ta ratsa shi, wani kwazazzabo mai duhu, tafiyar yini guda. Mun tarar da ayarin fatake za su shiga, muka roƙi madugu ya sa mu a ciki. Ya kara kunne a ƙirjin Nomau, ya ja da baya yana girgiza kai. Ya ce a saman kwazazzabon akwai ungulaye makafi, kowace ta kai girman jinka, ba sa taɓa mai lafiya, amma suna jin kukan ƙirjin mara lafiya tun daga sama, kuma idan suka sauko ba sa bambance shi da na kusa da shi. Ya ce bara jaki ɗaya mai tari ya jawo masa asarar mutum uku. Ya ba mu haƙuri, ya ce mu bari su yi gaba da kwana ɗaya.

Da gari ya waye na ɗaura gangar a bayan Nomau, na tsaya a bayansa, na ce ya yi tafiyarsa kawai. Na daidaita kiɗan da numfashinsa, duk jan da zai yi sai bugu ya faɗa a kai ya rufe shi. Haka muka shiga. Muna jin su a sama suna karkaɗa fukafukai, wari kuwa ba a magana. Wajen azahar ɗaya ta sauko ta dira a gabanmu, ta karkata sanƙon kanta tana saurare, fararen idanunta na kallon wofi. Daidai lokacin sandar kiɗan ta karye. Na ci gaba da tafin hannu. Muka raɓa ta gefenta har gashinta ya shafi fuskata, ban yarda bugu ɗaya ya kuɓuce mini ba. Da muka fito wancan ɓangaren da la'asar, fatar gangar ta yi ja da jinin hannuna. Nomau ya yage bakin rigarsa ya ɗaure mini, yana ta sa mini albarka. Ni kuwa, bari in faɗa muku gaskiya, kaina ya kumbura ranar. Na ɗauka ba wata masifa a duniya da ba zan iya rufe ta da murya ko da ganga ba.

Talgu birni ne na jar ƙasa, ba kogi, ba tafki, itatuwansa ma ana iya ƙirga su. Duk gidajen sun kewaye rijiya ɗaya. Faɗin bakinta ya kai ɗaki, an gitta mata wani ƙaton gungume mai kwari a tsakiya, ta nan igiya ke bi. Igiyar ta fata ce da aka tufka, kaurinta kamar damtsen namiji. Saboda tsawonta masu ja ba sa tsayawa kusa. Mata ne, da takarkarai goma sha biyu, kuma wurin tsayawarsu yana can ƙarshen wata doguwar hanya, ba sa ganin wanda ke bakin rijiya sai ɗan ɗigo. Amma rijiyar tana da wani abin mamaki. Duk sautin da aka yi a cikinta sai ya fito da ƙarfi ya cika gari, ko tari mutum ya yi a can ƙasa za a ji a ƙofar birni.

Shugabar matan ana ce mata Uwar Igiya, sunanta Gwamma. Gajeriya ce, igiya ta cinye mata yatsu biyu a hannun dama, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da mu ta karanta mana ƙa'idodinsu. Mutum sau ɗaya yake sauka a rayuwarsa, ko ya sha ko bai sha ba. Mai sauka zai yi ta waƙa tun daga sama har ƙasa. Idan waƙar ta yanke na tsawon numfashi uku, mata za su kora takarkarai su jawo shi, ba tambaya ba jira. Idan ya sha ruwan ma shiru zai yi, su ja. Ɗan'uwansa kuma zai zauna a bakin rijiya yana shafa wa kwarin gungumen kitse don kada igiya ta ƙone. Ba ta gaya mana dalilin ƙa'idar shirun ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mun ɗauka irin ta gida ce, mawaƙin da ya kasa a fitar da shi daga fage.

Kwana uku tana koya wa Nomau waƙar, ni ina gefe ina ɗauka. Ga yadda take tun asali, kafin matanku su cusa mata zancen miji rago da na miyar kuka:

Igiya, riƙe ni da kyau,
Sama ta yi nisa, ƙasa ba ta zo ba.
Ina nan, ina nan, ina numfashi,
Mata, kada ku ja tukuna.

Iyakarta ke nan, sai a yi ta maimaitawa. Karinta a kwance yake, kowane layi yana sauka ƙasa da na gabansa, ba ado ba kwana.

Ranar saukar, da hantsi, ana ɗaura masa igiya a ƙugu, Nomau ya jawo ni gefe. Ya ce, "Wata huɗu muka yi a hanya, Jatau. Ba zan yarda tari ɗaya ya mayar da ni gida yadda na zo ba. Idan na tsaya ka cafe. In na sha ruwan zan kira sunanka, sai ka yi shiru su ja."

Na ce, "To, Yaya." Ko gardama ban yi ba, don abin da muka saba ne shekara da shekaru.

Aka zura shi. Na zauna da ƙwaryar kitse ina shafawa, ina kallon farar hularsa tana ƙanƙancewa har duhu ya haɗiye ta. Muryarsa tana fitowa tana cika gari, kai ka ce bai taɓa ciwo ba. Can wajen rabin igiya sai ta yanke. Na ji tarin ya taso masa. Na duƙa, na zura kaina ƙarƙashin gungumen inda ba mai gani, na cafe daidai kalmar da ya tsaya. Na kai ƙarshen layi na ɗan saurara, na ji ya karɓa. Na yi hamdala a zuci. Aka ci gaba da zura shi, ya sake tsayawa, na sake cafewa, wannan karon sai da na yi zagaye guda cur kafin ya karɓa, muryar tasa ta yi siriri. Jim kaɗan igiya ta saki, na san ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Sai ya yi shiru na uku.

Na cafe. Na ce a raina yana neman ruwan ne a cikin duhu, ko yana hutawa, zai kira ni. A gida ai haka yake yi, ya huta ya dawo, bai taɓa ƙin dawowa ba. Na yi zagaye ɗaya, na yi biyu. Tsoro ya hana ni barin ko ɗan tsakani, kada matan su ƙirga numfashi uku su jawo shi kafin ya sha. Sai na riƙa haɗa ƙarshen waƙa da farkonta ba tsayawa.

Yanzu zan gaya muku abin da ban so faɗa ba. Rijiyar nan ta ɗauki muryata ta kai ƙasa ta dawo mini da ita, ban taɓa jin kaina haka ba. Shekara ashirin ina bayan mutum, na sunkuya kan ganga, ana yaba shi da muryata. Ran nan birni guda ne ke saurarena. Na hango mutane suna fitowa ƙofar gidajensu suna tsayawa. Wallahi daɗi na ji. Har na ga karin nasu ya yi mini lami, sai na ɗaga wutsiyar layi na uku, na murɗa ta sama irin yadda muke yi a gona idan ana son manoma su zabura. Wannan hawan da matanku ke yi su cilla taɓarya sama su tafa, nawa ne, a bakin rijiyar Talgu aka haife shi. Na yi shi sau ɗaya ya yi mini kyau, na sake.

Shi ne ya tona ni. Gwamma ta ji an sa wa waƙarsu abin da ba ta koyar ba, kuma ta san mai fuka a ƙasan rijiya ba shi da numfashin wannan hawan. Na ga gajeriyar matar nan ta taho a guje, zaninta a hannu. Kafin in ɗago ta make mini baki da hannun nan mai yatsu uku, ta juya ta ƙwala wa matan kira su ja. Aka kora takarkarai. Gari ya yi tsit, ba abin da ake ji sai kukan igiya a kan gungume. Jawo mutum daga gaba ɗari ba abin nan da nan ba ne, ya kai lokacin da mace za ta tuƙa tuwo ta kwashe. Ina durƙushe ina leƙe ina kiran Yaya, rijiyar tana mayar mini da kirana.

Hular ce ta fara bayyana, sannan kansa, ya langaɓe a kan ƙirji. Muka kwantar da shi a bakin rijiya. Gwiwoyinsa duk laka, gaban rigarsa a jiƙe, gemunsa yana ɗigar ruwa. Gwamma ta kara kunne a ƙirjinsa ta daɗe, sannan ta shafe masa idanu.

A nan ta gaya mini abin da kowane ɗan Talgu ya sani tun yana goye, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa mana. A ƙasan rijiyar akwai wata iska mai nauyi da ke sa mutum barci, ƙaƙƙarfan namiji ma ɗan lokaci kaɗan yake iya jure ta. Waƙar ba gwajin mawaƙi ba ce, ita ce kaɗai hanyar da na sama ke sanin na ƙasa yana da rai. Ta ce zagaye tara matan suka ƙirga tun da igiya ta saki. Sun yi mamakin daɗewarsa, amma waƙa na tashi, kuma tun kakannin kakanninsu ba a taɓa jin wani ya yi wa wani waƙa a bakin rijiya ba, abin ko a mafarki bai zo musu ba.

Na gaya mata alkawarinmu, cewa zai kira sunana idan ya sha, kuma bai kira ba. Ina faɗa ina neman ta ce haka ne. Ta dubi gemunsa, ta dube ni.

Ta ce, "Baƙo, ya sha, ga ruwan nan a gemunsa. Wanda ya zura kai a rijiyar nan yana waƙa ba ya jin komai sai kansa, mu ma muryarsa za ta danne mana ta wanda ke ƙasa."

Ya kira ni ke nan. Ko sau nawa, Allah ne Ya sani. Wataƙila ma da buɗaɗɗen ƙirji ya kira, da muryar da muka yi tafiyar wata huɗu muna nema, ni kuwa ina sama ina yi wa waƙa ado.

A Talgu muka binne shi, cikin jar ƙasa. Ba wanda ya dake ni, ba wanda ya zage ni, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Bayan kwana uku Gwamma ta zo masaukina ta ce waƙar ta mutu a wurinsu. Matan ba za su ƙara amincewa da ita ba tunda sun ji ta tana tashi a kan gawa, dole su zauna su ƙago wata. Ta ce in tafi da ita, ta zama tawa. Na bi ayarin masu gishiri ta wata hanya mai nisa, wata bakwai ina tafe. Na yi ƙoƙarin in manta, amma ko tafiya nake ƙafafuna da karinta suke takawa.

Da la'asar na shigo garin nan. Na tarar da Inna a tsakar gida tana surfen gero. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi bayana, ta ga ba kowa, sai ta ci gaba da daka. Kun san halin iyayenmu da ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta yi masa kuka a fili ba. Ta ce in zauna in sha ruwa. Na ce ba zan sha ba sai na faɗa. Na durƙusa a gefen turmi na ba ta labari tun daga farko, ban ɓoye komai ba, har daɗin da na ji. Taɓarya ba ta tsaya ba har na gama.

Sai ta ce, "Yi mini waƙar da yayanka ya yi a ƙarshe."

Na soma, tana daka a kan karin. Da na kai ƙarshen layi na uku, na yi hawan nan nawa, sai ta tsayar da taɓarya a cikin turmi ta ɗaga mini hannu. Ta tambaya ko nan ne wurin da ya kira ni. Na ce ina jin nan ne. Sai ta buɗe baki, ba ni take kallo ba, cikin turmin take kallo, ta yi kira da ƙarfi.

"Jatau!"

Na kasa motsi. Ta sake, har kaji suka watse.

"Jatau! Ba ka ji ba ne?"

Na ce, "Na'am."

Ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da daka. Ta ce ƙaiƙayi ne ya shiga mata ido, in kau da kai.

Shekara shida ta yi bayan wannan, kuma ba ranar da ta yi daka ba ta yi waƙar ba. Duk ta zo wurin sai ta tsaya ta kira, ni kuma ko ina nake a gidan sai na amsa. Har ta koma ga Allah ban sani ba ko horo take yi mini ko tausayina take ji, ban kuma tambaya ba. Maƙwabta suka ji ta kan katanga suka ɗauka, don karin ya dace da lugude. Amare suka tafi da ita garuruwan aurensu. Aka ƙara mata baitoci, aka mayar da ita ta raha, amma tsayawar nan da kiran ba wadda ta taɓa cirewa. Yanzu 'yan mata na cewa wai Jatau wani saurayi ne kurma da budurwarsa ke kira ba ya ji.

Shekara arba'in ke nan. Kowace la'asar ana kirana daga gida goma a garin nan. Kuna ganina ina tafe da sandata in tsaya cak a tsakiyar hanya in ce na'am, ku yi ta dariya kuna cewa tsoho ya ruɗe. Ban ruɗe ba. Iyakar abin da na sani ke nan, Allah Ya jiƙan na Talgu, Ya jiƙan wadda ta haife mu.

Ga shi can an soma a gidan Hansai, kun ji taɓarya. Don Allah ku yi mini shiru, kada wanda ya yi tari, sun kusa kaiwa layi na uku.